Mu Nawa Ne? Tarihin Ƙidayar Jama'a a Ƙasarmu Nijar

Ƴan'uwa maza da mata, ɗaliban yaƙi da jahilci na Yekuwa, da Magarya, da Dungas, da sauran garuruwan kudancin Damagaram.  Hirarmu ta yau a kan jama'a take. Mu nawa ne a ƙasar nan? Mu nawa ne jiya? Me ya sa muka ƙaru? Ku karanta a hankali. Inda kuka gamu da lamba mai tsawo, ku tsaya ku rubuta ta a allo, sa'an nan ku ci gaba.

Da farko mu san abin da ake nufi da miliyan. Kun san jika a wajen kuɗi. In aka tara jika sau dubu, an sami miliyan guda. Haka yake ga mutane: dubu sau dubu, shi ne miliyan.

Ƙidaya a zamanin sarakuna

Ƙidayar mutane ba baƙon abu ba ce ga Musulmi. Ya zo cikin hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an rubuta yawan Musulmin da ke tare da shi a Madina. Sayyidina Umar ma ya kafa littafin sunaye don rabon dukiyar baitulmali. Shugaba ba ya iya raba abu da adalci sai ya san yawan waɗanda zai raba wa.

A ƙasarmu, kafin zuwan Turawa, sarki yana sanin jama'arsa ta hanyar hakimai da masu gari. Kowane mai gari ya san gidajen garinsa, ya san magidanta, ya san damin hatsin da za a kai wa sarki da kaka. Amma ba a bin mutane ɗaya bayan ɗaya ana rubuta su. A wancan zamani ƙasa tana da faɗi, mutane ne kaɗan. Arzikin sarki shi ne yawan mutanensa, don su ne manoma, su ne mayaƙa. Shi ya sa sarakuna ke jawo baƙi su ba su daji su sare.

Yaƙi ma yana kwasar mutane daga wuri zuwa wuri. A wajen 1805, zamanin jihadi, aka ci birnin Daura. Gidan sarautar Hausawan Daura ya yi hijira zuwa arewa, kuma masana tarihi sun ambaci Yekuwa cikin wuraren da Sarkin Gwari Abdu ya zauna. Daga baya zuriyar gidan ta kafa sarauta a Zango da Baure. Sa'an nan Damagaram ta yi ƙarfi, musamman a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ikonta ya game wannan yanki. Wannan ne ya sa har gobe mutumin Yekuwa ko Magarya ba ya rasa dangi a ƙasar Daura.

Ƙidayar Nasara da lampo

Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Su da Ingilishi suka ja iyaka, ta ratsa tsakanin dangi, wasu suka faɗa Nijar, wasu suka faɗa Najeriya. Birnin Damagaram ne hedkwatar ƙasa daga 1911 har 1926, lokacin da aka mai da ita Yamai.

Nasara ya ƙidaya mutane, amma don bukatar kansa. Kwamandan yakan fito rangadi, a tara gari a gindin itace, a kira kowane magidanci ya faɗi mutanen gidansa. Abu uku yake nema: kuɗin lampo, da majiya ƙarfi don aikin dole, da samari don soja. Wanda aka rubuta masa mutum goma, lampon goma zai biya, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba.

To, mutane suka koyi ɓoyo. In aka ji kwamandan na tafe, sai a tura samari daji, a ɓoye yara bayan rumbu. Wasu gidaje suka kwashe dare ɗaya suka tsallaka iyaka. An soke aikin dole a 1946, amma tsoron ƙidaya bai fita zukatan mutane ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda wannan ɓoyo, lambobin da Nasara ya rubuta sun gaza ainihin yawan jama'a.

Ku sani kuma, a wancan zamani jama'a ba ta ƙaruwa da sauri, don mutuwa tana da yawa. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa a ƙasar Hausa. Agana, da ƙyanda, da sanƙarau sukan shiga gari su share yara. Mace takan haifi goma ta raya huɗu ko biyar.

Ƙidaya huɗu bayan mulkin kai

Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960. An ƙiyasta jama'arta a lokacin kimanin miliyan 3. Ƙiyasi ne, ba a shiga gida gida ba. Daga nan zuwa 2012 an yi babbar ƙidaya sau huɗu. Ga su nan, ku rubuta:

1977, zamanin Seyni Kunce: mutum 5,102,990.
1988, zamanin Ali Shaibu: mutum 7,251,626.
2001, zamanin Tanja Mamadu: mutum 11,060,291.
2012, zamanin Mahamadu Isufu: mutum 17,138,707.

Ku dubi lambar farko da ta ƙarshe. Cikin shekara 35, jama'a ta ninka fiye da sau uku. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 mun kai kimanin miliyan 27. Ke nan tsohon da aka haifa shekarar mulkin kai ya ga ƙasarsa ta tashi daga miliyan 3 zuwa miliyan 27 a tsawon rayuwarsa. Ƙasashe kaɗan ne a duniya jama'arsu ke ƙaruwa da irin wannan sauri.

Wannan ƙidaya ta bambanta da ta Nasara. Ba ta tsaya ga magidanta da majiya ƙarfi ba. Tana rubuta jariri da tsohuwa, makaho da gurgu, mazaunin gari da makiyayi. Tana tambayar shekaru, da sana'a, da karatu, da irin ruwan da gida ke sha. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ce ke riƙe da sakamakon, kuma da shi ake auna inda ya kamata a gina lakwal, ko likita, ko rijiya.

Ina mutanen suke?

Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne. Murabba'in kilomita fili ne mai kilomita guda a kowane gefe, wato hekta 100. Ƙasa ce babba, ta fi Najeriya faɗi. Amma kashi biyu cikin uku hamada ce. Saboda haka yawancin mutane suna kudu, inda ruwan sama ke isar hatsi. Ga yadda ƙidayar 2012 ta raba mu jiha jiha:

Damagaram 3,539,764
Maraɗi 3,402,094
Tawa 3,328,365
Tilaberi 2,722,482
Doso 2,037,713
Yamai 1,026,848
Difa 593,821
Agadas 487,620

Kun ga jiharmu ce kan gaba. Cikin ƴan Nijar biyar, ɗaya ɗan jihar Damagaram ne. Agadas kuwa ta fi rabin ƙasar faɗi, amma mutanenta ba su kai na gundumar Magarya kaɗai ba. A 1977 jihar Damagaram tana da mutum kimanin miliyan guda. A 2012 ta wuce miliyan uku da rabi.

Mu matso gida. Da can Dungas tana cikin Magarya, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. A ƙidayar 2012 an sami mutum 577,743 a gundumar Magarya, da 353,867 a gundumar Dungas. In kuka tara su za ku sami 931,610, wato saura kaɗan miliyan. Ƙaramar hukumar Yekuwa tana da 57,611. Maƙwabciyarta Sasumburum 78,163, Bande 114,242, Waca 93,492. In aka raba jama'ar Nijar ta 2012 daidai a kan faɗin ƙasar, kowane murabba'in kilomita zai sami mutum 13 ko 14. Amma a ƙasar Magarya an wuce mutum 100. Wannan ne ya sa in ka fita wani ƙauye, kafin ka gaji ka hango rumbunan wani.

Wajen harshe kuwa, ƙidayar 2001 ta nuna Hausawa sun ɗan wuce rabin jama'a. Sai Zabarmawa da Sanwai, kimanin ɗaya cikin biyar. Sai Buzaye, da Fulani, da Barebari, da Tubawa, da Larabawa, da Gurmawa. Duk ƙasa ɗaya, tuta ɗaya. A 2012, cikin mutum goma, fiye da takwas a karkara suke zaune, noma da kiwo ne abincinsu.

Me ya kawo ƙaruwar?

Wasu suna cewa matan yanzu sun fi na da haihuwa. Lissafi bai nuna haka ba. Binciken lafiya na 1992 ya nuna kowace mace, in aka daidaita, tana haihuwa sau bakwai da ɗan ɗoriya. Na 2012 ma kusan haka ya nuna, wato 7.6. Na 2021 ya nuna an sauka zuwa 6.2. Ashe haihuwa ba ta ƙaru ba. Mutuwar yara ce ta ragu.

Ku saurari wannan da kyau. A binciken 1992, cikin yara 1,000 da aka haifa, 318 suna mutuwa kafin su cika shekara biyar. Wato kusan ɗaya cikin uku. A binciken 2012 an dawo 127, wato kimanin ɗaya cikin takwas. Wannan ni'ima ce babba, kuma tana da sabubba. An kawar da agana daga duniya baki ɗaya, aka yi shelar haka a 1980. Allurar rigakafi ta shiga ƙauyuka. An raba gidan sauro. An koyi ba yaro mai zawo ruwan gishiri da sukari. An gina ƙananan ɗakunan likita a karkara. A 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. A 2010 aka soma sabuwar allurar sanƙarau a Nijar da Mali da Burkina Faso.

To, in haihuwa ta tsaya inda take, mutuwa ta ragu, dole jama'a ta ƙaru. Tsakanin 2001 da 2012, kowane mutum 100 suna samun ƙarin kusan mutum huɗu a shekara. Ku ɗauki gari mai mutum 1,000. Baɗi zai zama 1,039. Kamar ba yawa. Amma waɗanda suka ƙaru su ma za su girma su haifa. Cikin shekara 18, garin ya kai 2,000. Yarinyar da aka raɗa wa suna yau, kafin ta cika ashirin garinsu ya ninka.

Akwai wani abu kuma. Ƙidayar 2012 ta nuna rabin ƴan Nijar yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Binciken wannan shekara ya nuna cikin mata huɗu, uku an aurar da su kafin su cika 18. Wadda ta soma haihuwa da wuri takan daɗe tana haihuwa. Kuma waɗannan yara masu yawa su ne iyayen gobe. Ko da kowace mace ta rage haihuwa, jama'a za ta ci gaba da ƙaruwa shekaru masu yawa, don iyayen sun riga sun yi yawa.

Mutane na ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa

Ɗiya arziki ne, babu mai musun haka. Amma baki ne da ke bukatar abinci kafin hannunsa ya iya riƙe hauya. Mu yi wani lissafi na misali. Malam yana da gona hekta takwas. Ya bar ƴaƴa huɗu, suka raba daidai, kowa ya sami biyu. Kowannensu ya bar huɗu, jika ya tashi da rabin hekta. Rabin hekta ba ya ciyar da gida daga kaka zuwa kaka. A da in gona ta gaji, sai a bar ta ta huta, a sari sabuwa. Yau a ƙasar Magarya ina dajin? Gona ta haɗu da gona, burtali ya ƙuntata, makiyayi da manomi suna ta kai ƙara gaban mai gari.

In fari ya zo kuwa, wahala ta ninku. An ga haka a 1973 zuwa 1974, lokacin da dabbobi suka ƙare, noman gyaɗar da Magarya ta yi suna da shi ma ya durƙushe a shekarun da suka biyo. An gani a 1984 zuwa 1985, yunwar da mutane suka laƙaba wa El Buhari, don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. An sake gani a 2005. Tun wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimaka wa asibitin Magarya wajen jinyar yara, kuma tsakanin tsakiyar damina da kaka ɗakunan sukan cika da yara masu tamowa da zazzaɓin sauro.

Ƙarancin gona ne ke tura samari ci-rani, zuwa Kano, da Legas, da Agadas, da Libiya. Mata ma sun shiga hanya. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara, da yawa daga ƙasar Kance, maƙwabtanmu. Allah ya ji ƙansu. Wannan ma yana cikin tarihin jama'armu, bai kamata a manta da shi ba.

Abin da manomanmu suka nuna wa duniya

Kada ku ce labarin duka na baƙin ciki ne. Yawan mutane hannu ne mai yawa, in an san abin da za a sa shi. Bayan farin 1984, manoman Maraɗi da Damagaram suka daina tumɓuke duk tsiron da ya fito a gona. Suka riƙa barin gawo da sauran itatuwa, suna sassabe su, suna tsaron su. Masana da suka duba hotunan da aka ɗauka daga sama sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta kimanin miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200. Magarya, da Matamai, da Mirya suna cikin wuraren da aka fi misali da su. Abin mamaki, inda mutane suka fi yawa, nan itatuwa suka fi yawa, don mai ƙaramar gona ya fi sanin darajar gawo. Ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin bisashe ne, kuma da damina yakan zubar da ganye ya bar wa hatsi rana. Tsofaffi suna ba da labari cewa tun zamanin Sarki Tanimun an hana sare gawo, da horo mai tsanani.

A jiharmu kuma aka soma Makarantar Mazaje, wajen 2008. Magidanta ne ke zama su tattauna lafiyar matansu: awon ciki, da haihuwa a likita, da tazarar haihuwa. Daga nan wasu ƙasashen Afirka suka ɗauka. Tazara ba sabon abu ba ce gare mu. Iyayenmu mata sun san illar kwanika, kuma addini ya ambaci shayarwa ta shekara biyu. Uwar da ta huta tsakanin haihuwa da haihuwa ta fi lafiya, ɗanta ma ya fi ƙarfi.

Abin da ya rage gare ku

Ku da kuka iya karatu yanzu, ku ne idon garinku. Abu uku muke roƙon ku.

Na farko, in masu ƙidaya sun zo, ku faɗi gaskiya, ku sa maƙwabta su faɗi gaskiya. Mun san al'adarmu. Wasu ba sa son lissafa ɗiyansu don tsoron baki. Uwa tana jin kunyar kiran sunan ɗan fari. Wani yakan manta da jinjiri, ko yarinyar da ake riƙo, ko almajirin da ke kwana a zaure. To, a sami wani cikin gida ya faɗi sunan. Garin da ya ɓoye yara ɗari ya rage wa kansa aji biyu da allurar yara ɗari.

Na biyu, ku yi wa kowane jariri takardar haihuwa da wuri. In lokacin da doka ta yanka ya wuce, sai an je gaban alƙali, ga wahala ga ɓata lokaci. Yaron da ba shi da takarda yakan gamu da cikas ranar jarrabawa, da ranar neman katin ɗan ƙasa. Tsofaffinmu da shekarar yunwa ko mutuwar sarki suke gane shekarunsu. Ku kuwa kuna da alƙalami. Ku sami ɗan littafi ku rubuta ranar haihuwar kowane yaro.

Na uku, ku bar yara a lakwal, mata da maza. Gona ba za ta ishi kowa ba. Wanda bai gaji gona ba, bari ya gaji ilmi da sana'a. Yarinyar da ta yi karatu ta fi sanin ranar rigakafi, ta fi iya karanta takardar magani.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku kafin haɗuwa ta gaba:

1. Me ya sa kakanninmu ke ɓoye mutane a zamanin Nasara?
2. Tsakanin ƙidayar 1977 da ta 2012, mutum nawa suka ƙaru? Ku ɗebe ƙaramar lamba daga babba.
3. Ku tambayi wani tsoho: gida nawa ne a garinku sa'ad da yake yaro? Yanzu nawa ne?
4. A gidanku, yara nawa ne ke da takardar haihuwa, nawa ne ba su da ita?

A nan za mu dakata. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.